Dodo Mai Aljihu

4 ga Maris

Zuwa ga taubashina Ƙamus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida da sanda tana faɗa da kaji. Kullum sai ta ce, “Wai ɗan ƙanin nan nawa, har yanzu littattafan ba su sake shi ba?” Ni kuma in ce mata ƙirga su yake yi, shekara goma sha ɗaya ke nan bai gama ba. Maman yara ma tana gaisuwa. Kunnena yana nan yadda ka sani, ƙarar keken ɗinki ta cinye shi, don haka kada ka wahalar da kanka da kiran waya. Takarda ta fi mana, tunda Direba bai gaji da kai mana da kawowa ba.

Ga faifai nan na naɗe a ƙyalle. Fim ne na ban tsoro, wasu mutanen garin nan suka yi. Labarin wani dodo ne da ke fitowa daga tsohon kwalbati yana kama mutane. Na tuna lokacin da muke samari muna zuwa silima, kai kana yi wa kowane fim gyara, ni ina rufe ido da hula. Ka kalla. Ka duba dodon da kyau, da kyau fa na ce, ka faɗa mini abin da ka gani. Gaskiya nake so.

Naka,
Tela

11 ga Maris

Tela sarkin almakashi,

Wasiƙarka ta iso tare da faifan, na gode. Lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan da ke tuna mini shekaruna duk sanda na hau tsani ɗauko littafi. Ka gaida Goggo. Ka ce mata ba littattafan ne suka riƙe ni ba, ni na riƙe su, don in na sake su babu mai kula su. Jiya mutum uku suka shigo ɗakin karatun nan. Biyu iskar fanka suka zo sha, na ukun banɗaki yake nema.

Da aka tashi aiki na kulle ƙofa, na sa faifan a kwamfutar ofis, na zauna ni kaɗai tsakanin kantoci. Ka ce gaskiya kake so. To gyara zama.

Ciwon irin waɗannan finafinai ɗaya ne, kuma ba rashin kuɗi ba ne kamar yadda masu yin su ke kuka, rashin haƙuri ne. Tsoro ba a gani yake ba, a jira yake. Mutum yana tsoron abin da ke bayan ƙofa ne muddin ƙofar tana rufe. Duk wanda ya zauna kallo ya zo da nasa dodon a cikin kai, wanda ya yi kiwonsa tun yana yaro, kuma babu wanda zai ƙera masa wanda ya fi shi. Aikin mai fim kawai ya rage haske ya bar mutum da kayansa. Amma mutanenka sun sha wahalar haɗa dodo, ransu ba zai bari su ɓoye shi ba. A minti na shida suka fito da shi, rana tsaka, daga kai har ƙafa. Ya tsaya a bakin kwalbati kamar mai jiran mota.

Sauran duk ka san su. Kafin ya fito sai an yi masa kiɗa, don kada kowa ya firgita ba shiri. Matar da yake kora ta faɗi sau uku a filin da ko tsakuwa babu, shi kuma ya tsaya yana jiranta ta tashi, don yana da tarbiyya. Jinin kuwa, na san fentin, irinsa ne a ƙofar ofishinmu. Akwai wani dattijo da ya yi minti goma yana bayanin asalin dodon, har da sunan kakansa. Abin da aka san kakansa ai ya zama maƙwabci.

Yanzu ga dodon naka. Ban taɓa ganin halitta mai tsabta irinsa ba. An ce ya shekara ɗari a cikin kwata, amma ko zare ɗaya bai zazzago masa ba. An kalmashe bakin hannu, an kalmashe bakin ƙafa, kafaɗa ta zauna daram. Ina zargin har guga aka yi masa. In ya juya baya, ga zif tun daga ƙeya har ƙugu yana ƙyalli. Sannan, Tela, riƙe kujerarka: yana da aljihu. Sau uku na mayar da fim ɗin baya don in tabbatar. A ƙirji, gefen hagu, aljihu sosai har da murfi. Me dodo zai ajiye a ciki? Katin shaida? Wannan ba dodo ba ne, ango ne da ya ɓata hanya. Wanda ya ɗinka shi, ko dai bai taɓa jin tsoro ba, ko bai taɓa shiga silima ba. Shawarata gare shi, ya koma ɗinkin labule.

Na yi dariya har da hawaye. Na juya zan zungure ka da gwiwar hannu kamar da, sai na bugi kantar littattafai. Ban tsaya ganin sunayen ƙarshe ba, ka san ba na karanta su. Na kashe, na ɗauki jakata, na tafi gida.

Turo wani in akwai. Na daɗe ban ji muryata da ƙarfi haka ba.

Taubashinka,
Ƙamus

9 ga Afrilu

Tela,

Ina fatan lafiya. Sau huɗu ke nan ina zuwa tasha ranar da Direba ke shigowa, sai ya ɗaga mini hannu daga nesa ya nuna mini tafinsa babu komai. Na farko na ce aiki ne ya yi maka yawa. Na biyu na ce biro ne ya ƙare a garinku. Yanzu na fara tunanin Goggo. In wani abu ya faru kada ka ɓoye mini don kana ganin nisa. Ko layi biyu ne ka rubuto.

Ka san ba ni da wani mai rubuto mini sai kai da kamfanin wuta, shi kuma ba ya tambayar bayana.

Ƙamus

30 ga Afrilu

Ɗan'uwana,

Gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yau na tare Direba yana duba taya, ban bar shi ya kuɓuce ba. Ya ce Goggo lafiyarta ƙalau. Sai ya miƙe yana goge hannu, ya ce, “Malam, wai me ka rubuta wa mutumin nan? Ya tara mu a shago zai karanta mana kamar yadda ya saba, ya kusa ƙarshe sai ya daina karatun. Ya ninke takardar ya tura ƙarƙashin keke.”

Na ce, “Zancen fim ne kawai.”

Ya ce, “Wanda ya ɗinka dodonsa?”

Na ce, “Wa ya ɗinka?”

Ya dube ni yadda ake duban fasinjan da ya hau motar da ba tasa ba. Ya ce, “Haba Malam, duk karatun nan? Ai sunansa ya fito a ƙarshe, da manyan baƙaƙe. Mu har tafi muka yi.”

Na koma ofis na sa faifan, na tura shi ƙarshe. Ga sunanka nan, tsakanin mai fitila da mai kawo ruwa.

Ban san kana karanta wasiƙuna a gaban mutane ba. Ban san aikinka ba ne. Da na san kai ne, wallahi da ban faɗi ko ɗaya ba. Ka yi haƙuri. Maganar labule kuwa ka shafe ta, bakina ne ya fi hankalina sauri, kuma ka san shi tun muna yara.

Naka,
Ƙamus

15 ga Mayu

Malam Ƙamus,

Muna lafiya. Inna tana gaisuwa, ban faɗa mata komai ba.

Tunda ka tambayi abin da dodo zai ajiye a aljihu, bari in ba ka amsa. Wanda ya shiga cikin rigar wani dogon bakanike ne, maƙwabcin shagona, shi kaɗai tsawonsa ya kai. Yana da asma. Rigar kuwa robar taya ce da soson katifa, in ka shiga minti biyar kamar an rufe ka a tukunya. Aljihun na abin shaƙarsa ne. Na sa shi a ƙirji don hannunsa ya kai ko da yana sanye da faratan dodon. Murfin kuma don kada ya faɗo in yana gudu. Darakta ya so in ɗinke bayan gaba ɗaya, a riƙa farkewa in an gama. Na ce ban yarda ba, mutum mai ’ya’ya biyar ba zan ɗinke shi a buhu ba. Na sa zif mafi girma da na samu, wanda ko da hannu ɗaya za a zuge. Sau biyu aka zuge shi da gudu.

Kalmasa kuwa laifina ce. Darakta ya ce in bar bakin a yage, ya fi ban tsoro. Na gwada. Na bar shi kwana biyu a rataye, duk sanda na ɗaga kai sai in ga zare yana lilo, abinci ma ya ƙi shiga. Rana ta uku na kalmashe. Shekara talatin hannuna bai saki aiki da zare a waje ba, ba zai koya a kan dodo ba. Gugar ma ka canka daidai.

Ba dariyarka ce ta ƙona ni ba. Duk garin nan an yi dariya. Ranar da aka fara nuna fim ɗin, da dodon ya fito wata mata ta ce, “Kai, wa ya yi masa ɗinki?” Har kwastoma biyu na samu. Bakaniken ma yana zaune a shagon lokacin da nake karanta takardarka, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa, sai da na zo kan labule.

Abin da ya ƙona ni daban ne. Tun ranar da na sayi keke ni nake maka ɗinki. Ko bayan tafiyarka, da tsohon awonka nake yankawa ina aika maka, ina ƙara ɗan yatsa a ciki duk shekara bisa hasashe. Rigar da ke jikinka yanzu kana karanta wannan, na san ni na ɗinka ta. Sunkuya ka dubi murfin aljihunta. Gefe ɗaya a zagaye, gefe ɗaya a tsaye, babu mai yin haka sai ni. Shi ya sa na ce ka duba da kyau. Na ce wa Maman yara, “Bari ki gani, ba zan faɗa masa ba, da kansa zai gane.” Ka mayar da fim baya sau uku, ka ga aljihu, ba ka ga hannuna ba.

Sannan ka zo kana cewa da ka san ni ne da ba ka faɗa ba. Wato na zama wanda ake lallashi da ƙarya, kamar yaron da ya zana doki ya fito akuya. Wannan ta fi ta labule ciwo.

Ka ce dodo ya fi kwarjini in ba a gan shi ba. Gaskiya ne, kuma kai ka fi kowa sani. Ka tafi ka ce sai ka gama rubuta littafinka za ka dawo. Yarana ba su san fuskarka ba, amma in an ambaci Kawu mai littattafai har murya suke ragewa. Ni nawa ya fito fili da zif ɗinsa, an yi dariya, an watse. Naka fa?

Ba na jin zan ƙara rubutu. Allura ta fi mini sauƙin riƙewa.

Tela

20 ga Yuli

Ƙamus,

Wannan ba wasiƙa ba ce, takardar kaya ce. Buhu ɗaya, dodo ɗaya, kansa yana naɗe daban a cikin zani. Maman yara ta ce ba zai ƙara zama a gidanta ba, wai kaji sun daina ƙwai. Shagona kuma ba fili. Kai ne masani, ka ajiye shi ka yi nazari.

Direba ya ce wata biyu bai gan ka a tasha ba, sai rannan ya hango ka a bakin titi, rigar ta yi maka yawa. In ciwo ne ka faɗa. In fushi ne, ni ya kamata in yi.

Tela

2 ga Agusta

Tela,

Kaya sun iso lafiya. Ba ciwo nake ba, ba kuma fushi ba. Wasiƙa shida na rubuta maka na yaga, don duk wadda na karanta sai in ga ta fi ni wayo. Wannan ba zan sake karanta ta ba, yadda ta fito haka za ta tafi. Ka gaida Goggo da Maman yara, ka ce ina yi wa kaji barka.

Ka san ɗakina, ko da yake ba ka taɓa ganinsa ba: gado, tebur, kujera ɗaya, taga mai kallon bangon wani. Babu inda zan rataye baƙonka, sai na zaunar da shi a kujerar, na ɗora masa kansa, na tafi aiki. Ranar an kawo sababbin littattafai, na wuni ina manna musu lamba har na manta da shi sarai. Na dawo dab da magariba, an ɗauke wuta, hadari ya haɗo. Na tura ƙofa. A ɗan hasken da ya rage sai na ga kafaɗa, da gefen kai, da hannu ɗaya a kan teburina. Wani yana zaune yana jirana.

Tela, ban san ina da irin wannan muryar ba. Na watsar da jaka, na tsallake matakala uku, na tsinci kaina a tsakar gida da takalmi ɗaya. Matar mai gidan ta fito da muciya tana cewa, “Ɓarawo ne? Malam, yi magana mana!” Na ce mata baƙo ne. Ta ce, “Kai? Baƙo?” Wannan ta fi ba ta mamaki a kan ɓarawo.

Saboda haka ka faɗa wa daraktanka ba dodon ne ya gaza ba. A rage haske, a nuna kafaɗa kawai, zai kori gari. Ban janye ko kalma ɗaya a kan fim ɗin ba, fim ɗin bai yi kyau ba. Ka yi gaskiya, ba ka cancanci in lallashe ka ba.

Amma ga abin da ban faɗa wa matar mai gida ba. Tsakanin buɗe ƙofa da ihun nan akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, da na ji daɗi. Shekara goma sha ɗaya ban buɗe ƙofar nan na tarar da wani a ciki ba.

Washegari na zuge zif ɗin na juya shi ciki waje. Ka yi masa shafi da yadi mai laushi a wuya, inda roba za ta goge fata. Ka huda ƙananan ramuka a hammata, ka bi kowane rami da zare don kada ya yage. Duk wannan babu kyamarar da za ta gani. Na daɗe zaune da shi a cinya. Sannan na sunkuya na dubi rigata, kamar yadda ka ce.

Ka tambayi nawa dodon, wato littafin. Shafi arba'in da ɗaya ne, suna cikin akwati ƙarƙashin gado, rabona da su shekara takwas. Na karanta littattafai masu kyau da yawa, har na san nawa ba ya cikinsu. Na ga gara ku ci gaba da jiran babban marubuci da ku ga ma'aikacin da ke manna lamba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba. Kada ka karanta wa ’yan shago.

Baƙon yana nan a kujerarsa. Ni nake cin abinci a bakin gado. In na shigo ina yi masa sallama, kuma na lura ba ya katse ni in ina magana, abin da ba zan ce game da kai ba.

Taubashinka,
Ƙamus

12 ga Agusta

Ƙamus,

Muna lafiya. Ban karanta wa kowa ba, sai wurin takalmi ɗaya. Wannan kam haƙƙin jama'a ne. Bakanike sai da ya nemi abin shaƙarsa.

Na kai wa darakta wasiƙarka ta farko, ya karanta ya zage ka tas, sannan ya ce in ba shi aronta. Za su yi kashi na biyu, wai a cikin duhu, kafaɗa kawai. Suna son dodonsu kafin ƙarshen wata.

Sai dai akwai matsala. Direba ya rantse ba zai ƙara ɗaukarsa ba. Wai wancan karon hannu ya leƙo daga buhu, wata fasinja ta kusa fita ta taga. Ya ce sai dai in da mai shi a zaune kusa da shi. Ni ba zan iya barin shago ba. Kai ka san yadda za ka yi.

Shafi arba'in da ɗaya ba su dame ni ba, Inna kuma ba ta iya karatu ba balle su dame ta. Awonka nake so in sake ɗauka, na gaji da hasashe.

Tela

19 ga Agusta

Tela,

Na tambayi Direba. Ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, har raguna yana ɗauka balle roba. Ƙaryarka irin ɗinkinka ce, ta cika tsabta.

Duk da haka na nemi hutun sati biyu. Shugabanmu ya cire tabarau ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na kama kujera biyu a motar ranar Asabar, ni ta taga, dodon ta ciki.

Ka shirya yaran tun yanzu. Ka ce musu wani gajeren mutum ne zai zo, mai furfura da ciwon baya, kuma bai rubuta komai ba. Ka faɗa wa Goggo ita ma.

Ka zo tasha da kanka. Ina jin ba zan gane hanyar gida ba.

Ƙamus